Doguwar Hanya a Ƙaramin Fili: Eriyar Firaktal da Damar da Ke Gaban Samaru

Duk na'urar da ke magana ta iska tana da eriya, ko ido ya gan ta ko bai gan ta ba. Rediyon da ya ratsa gidajen ƙasar Hausa tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce bai taɓa ɓoye tasa ba: sanda ce ta ƙarfe da ake zarowa gaɓa-gaɓa, a karkata ta gabas ko yamma har muryar mai labarai ta fito tas, in ta ƙi a ɗaura mata guntun waya a rataya a taga. Wayoyin hannu da suka shigo bayan an ba da lasisin GSM a 2001, da yawa daga cikinsu suna da ɗan ƙaho a ka. Yau ƙahon ya ɓace, aikinsa kuwa ya ninka. Waya guda tana magana da turken kamfanin sadarwa a zanguna da dama, tana kama Wi-Fi da Bluetooth, tana sauraren taurarin GPS. Eriyoyin sun koma ciki, sun ƙanƙance, har ƙanƙantar da su ya zama fanni mai zaman kansa wanda aka yi shari'ar miliyoyin daloli a kansa.

Ɗaya daga cikin dabarun ƙanƙantarwar ita ce aron siffofin wani reshe na lissafi da ake kira firaktal, a yanka su a jikin shimfiɗaɗɗiyar eriyar jan ƙarfe. Maganar ta yi kama da abin da ya shafi ɗakunan binciken Turai da Amurka kawai. Hujjar da za a kafa a nan ita ce, cikin fasahohin sadarwa na zamani da wuya a sami wadda ta fi wannan dacewa da ƙarfin wuri irin Samaru, domin jarinta ilimi ne da haƙuri, kayan aikinta kuma masu araha ne. Amma damar tana da sharaɗi biyu: a fitar da eriyar daga kwamfuta a auna ta a fili, kuma a daina yi wa firaktal kallon laya.

Abin da ke yanke wa eriya girma

Tsofaffin masu sauraren rediyo sun san wani abu da ɗalibin injiniya yake koya a shekara ta uku. Idan mai gabatarwa ya ce a neme su a kan mita 19 ko 25 ko 31 a gajeren zango, tsawon igiyar rediyo yake faɗa, wato tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya na igiyar da tudun da ke biye. Igiyar tana gudu da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a sakan. Saboda haka gwargwadon yawan kaɗawarta a sakan, gwargwadon gajartarta. A megahaz 900, inda GSM ya fara a Nijeriya, tsawonta kimanin santimita 33 ne. A gigahaz 2.4 na Wi-Fi, santimita 12 da rabi. A gigahaz 3.5, zangon da hukumar NCC ta yi gwanjonsa a Disamban 2021 domin 5G, inda MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu, bai kai santimita 9 ba.

Eriya tana aiki da kyau ne idan tsawonta ya yi daidai da wani kaso na wannan igiya, yawanci rabi ko rubu'i. Makaɗin garaya ko gurmi ya san dalili da yatsunsa: doguwar tsirkiya tana ba da murya mai kauri, in ya danne ta ya gajarta ta sai muryar ta sirance. Lantarkin da ke kai-komo a jikin eriya haka yake, yana da tsawon hanyar da yake buƙata kafin ya amsa kiran wani zango.

Eriyar da ake magana a kanta hawa uku ce. A ƙasa akwai shimfiɗar jan ƙarfe, a tsakiya allon da ba ya ɗaukar lantarki, irin wanda masu gyaran waya da rediyo suke gani kullum idan sun buɗe na'ura, a sama kuma wani yanki na jan ƙarfe mai kusurwa huɗu, lafe da allon kamar facin da bakanike yake manna wa tayar keke. Wannan kamanni ya isa a kira ta eriyar faci. Georges Deschamps ne ya kawo tunaninta a 1953, amma sai a farkon shekarun 1970 Robert Munson da wasu a Amurka suka mayar da ita abin amfani, lokacin da ake neman eriyar da za ta kwanta a jikin roka ba ta tsaya wa iska a hanya ba.

Tsawon facin kimanin rabin igiya ne, sai dai allon yana rage wa igiyar gudu, don haka yana gajarta ta. A kan allon FR4, wanda shi ne mafi yawa a kasuwa, gajartawar ta ɗan haura ninki biyu. Facin Wi-Fi sai ya tashi kusan santimita 3. Na megahaz 900 kusan santimita 8. Na megahaz 700 kusan santimita 10. Na megahaz 433 ya haura santimita 16. A nan matsalar take fitowa: na'urar da duk jikinta bai wuce akwatin ashana ba, ina za ta kai facin da ya kai tafin hannu?

Kakaki da begila

Amsar tana nan a fada da bariki. Kakakin da ake busa wa Sarkin Zazzau miƙaƙƙen bututu ne mai tsawon gaske, kuma daga tsawon nan muryarsa mai kauri take fitowa. Begilar soja ita ma bututunta ya haura mita guda, amma an naɗe shi, har soja yana iya rataya ta a kafaɗa ya yi maci. Iska tana bin doguwar hanya a cikin ƙaramin fili. Kogin Kubanni da ya ratsa Samaru ma haka yake: ruwan da ke bin lanƙwasarsa ya fi tsuntsun da ya miƙe ta sama cin tafiya.

Mai zana eriya yana yi wa lantarki abin da maƙerin begila ya yi wa iska. Idan ya gutsure tsakiyar kowane gefe na facin, lantarkin ba zai iya miƙewa daga wannan baki zuwa wancan ba, dole ya kewaye gurbin. Hanya ta ƙaru, facin bai ƙaru ba. Sai eriyar ta fara amsa zangon da ya fi girmanta, wanda ke nufin ana iya samun zangon da ake so da facin da ya fi na asali ƙanƙanta.

Firaktal shi ne hanyar yin wannan gutsura bisa ƙa'ida. Siffa ce da ke maimaita kanta: in aka dubi ɓangarenta sai a ga kamannin dukkanta, in aka dubi ɓangaren ɓangaren a sake ganinsa. Misali mafi sauƙi shi ne layin da Helge von Koch, masanin lissafi ɗan Suwidin, ya bayyana a 1904. A ja layi mai santimita 9, a raba shi uku, a cire kason tsakiya, a maye gurbinsa da tsini mai gefe biyu. Tsawon ya zama 12. A yi wa kowane ɗaya daga cikin guntaye huɗun haka, ya zama 16. A sake, ya haura 21. A sake, ya haura 28. Tazarar da ke tsakanin farkon layin da ƙarshensa tana nan a santimita 9, ba ta motsa ba.

A zamanin Koch, da David Hilbert wanda ya zana layin da ke cike murabba'i a 1891, da Wacław Sierpiński ɗan Folan wanda ya fito da alwatikarsa mai ramuka a 1915, ana kallon waɗannan siffofi a matsayin abubuwan al'ajabi na lissafi marasa amfani a duniya. Benoit Mandelbrot ne ya tara su ƙarƙashin suna guda a 1975, ya kuma nuna cewa irinsu sun cika halitta: gaɓar teku, rassan bishiya, jijiyoyin jini, da huhun ɗan Adam wanda ya cusa fili mai faɗin gaske a cikin ƙirji.

A 1988 wani masanin taurari a Boston mai suna Nathan Cohen, wanda ke sha'awar rediyon 'yan sa-kai, ya lanƙwasa eriya bisa irin wannan siffa saboda ƙa'idar gidan da yake haya ta hana shi kafa babba a waje. Ya wallafa sakamakonsa a 1995. A daidai wannan lokaci Carles Puente da abokan aikinsa a jami'ar fasaha ta Kataloniya da ke Basalona suka nuna wata fa'ida ta biyu: eriya mai siffar alwatikar Sierpiński tana amsa zanguna da dama, kowanne kimanin ninki biyu na wanda ke ƙasa da shi, domin kowane ƙaramin kwafin siffar yana aiki kamar ƙaramar eriya. A 1999 suka kafa kamfanin Fractus. Bayan shekara goma kamfanin ya kai manyan masu ƙera waya ƙara a jihar Texas kan haƙƙin mallakar zanen eriya, kuma a 2011 masu taya alƙali hukunci suka ce Samsung ya biya shi kimanin dala miliyan 23. Abin lura a labarin shi ne, hajar da ta jawo wannan kuɗi zane ce da takardar rajista.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Duk wanda zai yi wa firaktal talla da gaskiya dole ya faɗi farashinsa. Tun 1947 da 1948 Harold Wheeler da Lan Jen Chu suka tabbatar da wata iyaka da babu wata siffa da za ta tsallake ta. Idan eriya ta yi ƙanƙanta sosai a kan igiyar da take aiki da ita, ƙofar zangon da take iya karɓa tana ƙuntata da sauri: a rage girman da rabi, ƙofar ta ragu kusan sau takwas. In kuma aka dage sai an faɗaɗa ƙofar, sai a biya da ƙarfi, wato wani kaso na wutar batir ya zama zafi maimakon saƙo. Eriyar faci kuwa tun asali ƙofarta matsattsiya ce, sau da yawa kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na zangon da take kai. Ƙanƙantar da ita yana ƙara matse abin da dama a matse yake.

Ƙari a kan haka, ribar maimaitawa ba ta ɗorewa. A takarda layin Koch yana ƙaruwa har abada. A kan jan ƙarfe, gutsurar farko ita ke kawo mafi yawan raguwar, ta biyu ta ƙara kaɗan, daga ta uku abin da ake samu ba ya taka kara ya karya. Lanƙwasar da ta yi ƙanƙanta ainun igiya ba ta kula da ita, sai ta tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai ratse a gona. A 2003 Steven Best ya wallafa bincike a mujallar eriya ta ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE inda ya kwatanta eriyar Koch da wasu lanƙwasassun wayoyi da ba su bin wata ƙa'idar firaktal. Ya tarar cewa lanƙwasa ta yau da kullum tana iya yin aikin, wani lokaci har ta fi. Wayoyin hannu na yanzu ma yawancinsu sun dogara ne da wasu nau'o'in eriya, har da ƙarfen da ya kewaye jikin wayar.

Wannan bai rushe dabarar ba, ya dai sauke ta daga matsayin mu'ujiza zuwa matsayin kayan aiki. Amfanin firaktal na haƙiƙa shi ne yana ba mai zane tsari: siffa mai 'yan ma'aunai kaɗan da zai iya juyawa ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da kowanne yake yi, maimakon ya yi ta gutsure-gutsure cikin duhu.

Me ya kawo Samaru cikin zancen

Akwai dalilai uku. Na farko, matsalar girman eriya ta fi cizon karkara. Igiya mai ƙarancin kaɗawa ita ce ke cin nisa, ta ratsa bango da ganyen bishiya, shi ya sa zangunan megahaz 700 zuwa 900 suke da daraja a inda turakun sadarwa suke nesa da juna. Su ne kuma suke buƙatar eriya mafi girma. Mazaunin Abuja da ke kusa da turken 5G facin santimita 2 ya ishe shi. Na'urar da za ta aiko da saƙo daga gona ko makiyaya mai nisan kilomita da yawa, a zangon da ke kusa da megahaz 868 wanda fasahar LoRa take amfani da shi a Turai da ƙasashen Afirka da dama, tana buƙatar ninki huɗu na wannan. Wanda ya fi kowa buƙatar a ƙanƙanta masa eriya shi ne wanda manyan kamfanoni ba su zana domin shi ba.

Na biyu, hanyoyin ƙanƙantarwa ba su zama ɗaya wajen tsada ba. Igiyar GPS tsawonta santimita 19 ne, amma eriyar facin da ke cikin na'urorin bin sawun mota sau da yawa murabba'i ce mai milimita 25 kacal. An cim ma haka ne da wani tangaran na musamman da ke gajarta igiya ƙwarai, kuma yin sa yana buƙatar masana'anta da sinadaran da sai an shigo da su. Hanyar firaktal kuwa ba ta neman sabon abu a jikin allon. Ana iya buga zanen da firinta a kan takarda mai santsi, a manna shi a allon jan ƙarfe da dutsen guga, a tsoma a ruwan sinadarin ferik kulorayid ya cinye duk inda tawada ba ta rufe ba. Ɗalibai da masu sha'awar lantarki a duniya sun daɗe suna yin haka a ɗakunansu. Haƙƙin mallakar ƙirƙira kuma shekara 20 yake yi, don haka rajistar da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 wa'adinta ya cika.

Na uku, masu matsala da masu magani maƙwabta ne. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana horar da injiniyoyin lantarki da na sadarwa a Samaru. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda tushenta ya koma 1922, tana nan a gefe, kuma binciken noman rani yana buƙatar na'urorin auna danshin ƙasa masu aiko da rahoto da kansu. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI, a jihar da satar shanu ta ɗaiɗaita garuruwa, musamman wajen dajin Birnin Gwari. Tambarin kunne ko abin wuya mai faɗin inda saniya take ba zai yi amfani ba sai ya zama ƙarami, mara nauyi, wanda batirinsa zai kai watanni. Eriyar faci tana da wata fa'ida a nan: shimfiɗar jan ƙarfen da ke ƙasanta tana kare ta daga jikin dabba, wanda ruwa ne mafi yawansa kuma yana shanye igiyar rediyo. Akwai kuma Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da aka kafa a Zariya a 1964, a zamanin da ƙananan jirage marasa matuƙi suke neman eriyar da ba ta da nauyi. Sannan a Jama'a da Samaru da Sabon Gari akwai masu gyaran waya da rediyo waɗanda hannunsu ya faɗa da aikin dalma a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Misalin abin da jami'a za ta iya yi ma yana nan. A 2017 aka harba NigeriaEduSat-1, ƙaramin tauraron ɗan Adam mai santimita 10 a kowane gefe, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta shiga aikinsa tare da hukumar NASRDA da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan. A kan akwati irin wannan, kowace santimita da eriya ta cinye an ƙwace ta ne daga allon da ke tara hasken rana.

Tarko na farko: eriyar da ba ta taɓa shan iska ba

A ƙasashen da kayan awo suke da wuyar samu, binciken eriya yakan tsaya a manhajar kwaikwayo irin su HFSS da CST. Ɗalibi ya zana faci, ya gutsure shi sau biyu, manhaja ta fitar da kyakkyawan zane mai nuna raguwar girma, a rubuta kundi, a wallafa muƙala, a rufe babi. Tsarin ƙarin girma a jami'o'i, wanda ya fi ƙidaya yawan muƙalu, yana ƙarfafa wannan ɗabi'a, tunda kwaikwayo ya fi ƙira sauri da araha.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna haɗarin. Manhaja takan ɗauka cewa ma'aunin da allon FR4 yake rage wa igiya gudu da shi 4.4 ne. Allon kasuwa kuwa yana bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan. In na hannun mai ƙira ya zama 4.6, zangon eriyar zai sauka da kimanin kashi 2 cikin ɗari. A gigahaz 2.4 wannan ya haura megahaz 50, alhali duk faɗin zangon Wi-Fi a wurin bai kai megahaz 84 ba. Ga eriyar da aka riga aka matse wa ƙofa, wannan kaucewa ta isa ta sa ta kurumce. A ƙara da sinadarin da ya ci gefen zanen fiye da ƙima, da kwanson roba da za a rufe na'urar da shi, da laimar damina, da zafin bazara. Gani ya kori ji, kuma a wannan fanni awo ne gani.

A da, uzurin yana da ƙarfi, domin na'urar auna eriya takan kai dubban daloli. Yanzu akwai ƙananan irinta, kamar NanoVNA, waɗanda kuɗinsu bai kai na matsakaiciyar wayar hannu ba. Ba su kai manyan daidaito ba, amma sun isa su faɗa wa ɗalibi ko eriyarsa ta sauka inda ya nufa. Akwai manhajojin kwaikwayo na kyauta irin su openEMS. Inda babu ɗakin awo mai shanye igiya, buɗaɗɗen fili sananniyar hanya ce ta auna yadda eriya take watsa ƙarfinta, kuma fili ba ya cikin abubuwan da Samaru ta rasa.

Tarko na biyu: kirarin kaka

A 1999 Ron Eglash ya wallafa littafinsa kan firaktal a Afirka, bayan ya lura daga hotunan sama cewa garuruwa da dama na nahiyar an tsara su bisa siffa mai maimaita kanta. Ya kawo misalin Logone-Birni ta Kotoko a Kamaru, inda ginin kusurwa huɗu yake cikin wani irinsa, da ƙauyukan Ba-ila a Zambiya masu da'ira cikin da'ira. Bahaushe ba zai ji baƙuncin wannan ba. Ganuwa ta kewaye birni, katanga ta kewaye gida, danga ta kewaye sashe, kowanne da ƙofarsa. Mai ɗinkin babbar riga a birnin Zariya da mai zanen ƙwarya sun saba da adon da ke haifar ƙaraminsa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim a ƙarni na 19, masana gini sun daɗe suna nazarin yadda bakan-gizonsa suka rarrabu suka ɗauki rufi.

Wannan gado yana da amfani na gaske a aji. Yaron da aka fara nuna wa hular kansa da tsarin gidansu kafin a nuna masa Koch zai shiga darasin a matsayin ɗan gida. Amma alfahari yana da iyaka. Igiyar rediyo ba ta san dagin Arewa ba, ba ta san alwatikar Sierpiński ba, tsawon hanya kawai ta sani. Wanda ya yanka faci bisa siffar dagi yana iya dacewa da kyakkyawar eriya, yana iya kuma tashi da ado kawai, kuma na'urar awo ce za ta raba gardama. Babban Gwani ya ci sunansa ne da rufin da ya tsaya. Mai son ya gaje shi sai ya yarda a gwada nasa aikin haka.

Amsa ga mai cewa a saya kawai

Akwai suka mai nauyi: kamfanonin Shenzhen suna sayar da ƙananan eriyoyi a kuɗi ƙalilan, to mene ne na wahala? Amsar ita ce eriya ba ta da hali guda a ko'ina. Wadda aka saya an daidaita ta ne da wani girman allo da wani kwanso. In aka dasa ta a mitar wutar lantarki ko tambarin kunnen saniya da aka zana a nan, halinta zai sauya, kuma sai an sami wanda ya iya sake daidaita ta. Eriyar da aka zana a jikin allon na'urar kuwa ba ta da kuɗin saye ko kaɗan, jan ƙarfen da dama yana wurin ne aka ba shi siffa. Ko da a Sin za a buga allon da yawa, wanda ya mallaki zanen shi ne ya mallaki hajar. Darasin Basalona ke nan.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin masu iko da shi ba. Sassan injiniya suna iya sa ƙa'idar cewa kundin digiri na biyu kan eriya ba ya cika sai da eriyar da aka ƙera aka auna, tare da kwatanta ta da facin da ba a gutsure ba da kuma lanƙwasa ta yau da kullum mai girma ɗaya, domin a san ko firaktal ɗin ne ya yi aikin. Asusun TETFund yana iya fifita ɗakin awo guda mai inganci wanda jami'o'i da kwalejojin fasaha na yankin za su yi tarayya a kansa, a kuma ware kuɗin kula da shi. Cibiyoyin noma da kiwo suna iya rubuta buƙatunsu da lambobi: nisan kilomita nawa, nauyin giram nawa, batirin wata nawa. Hukumar NOTAP tana taimaka wa masu bincike wajen rajistar ƙirƙira, sai a je mata kafin a wallafa, tunda abin da aka riga aka bayyana wa duniya yakan rasa damar rajista. Masu gyaran waya na Jama'a da Sabon Gari kuma a shigo da su a matsayin abokan aiki da ake biya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mizanin nasara a bayyane yake, kuma yana da tsauri. A rataya wa garken gwaji tambari ashirin a farkon damina. A ƙarshenta a ƙirga nawa ne har yanzu suke aiko da saƙo, daga nisan kilomita nawa, da ragowar batir nawa. A wallafa sakamakon yadda ya zo, har da na waɗanda suka mutu a mako na biyu da dalilin mutuwarsu. Rahoto guda irin wannan zai fi kundi hamsin na kwaikwayo amfani ga makiyayin da ke kwana da fargabar wayewar gari babu shanunsa, kuma shi ne zai sa mai jari ya nemi hanyar Samaru.